Bencin da Yaya Ya Kafa a Bakin Layi

Ranka ya daɗe shugaban kwamitin filin wasa, da ku masu karanta shafin magoya baya, ku gafarce ni da na tsayar da ku alhali kowa na da abin da ke gabansa. Ni ba marubuciya ba ce. Karatuna na allo ne, boko kaɗan na taɓa, kuma ban saba buɗe baki a taron maza ba. Sai dai mamacin yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma akwai maganar da in na yi shiru ba na jin wani zai faɗe ta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Rajab, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Yaya, wanda kuka fi sani da Manaja, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun tsakiyar kakar wasan nan. A ɗakinsa ya cika, hannunsa cikin na matarsa, kalmar shahada a bakinsa. Ina wurin, da kunnena na ji.

Yaya, kai ka san ba na yabon abin da ban gani ba, don haka abin da na shaida kawai zan faɗa.

Na san ka tun kana sayar da tikiti ta 'yar tagar nan mai ƙarfe, kana dawowa gida da shuɗin tambari a yatsunka, Inna tana faɗan ka ɓata mata tawul. Daga taga ka koma ƙofa, daga ƙofa aka ba ka makullan filin gaba ɗaya. Ko da ka zama manaja ba ka daina zagayawa da sifana a aljihu ba. In famfo ya ɗiga, kai ne a tsugune. Kai ka ware wa mata ƙofarsu da wurin alwala, ranar da ka ga wata ta juya da 'ya'yanta saboda turereniya. Wannan duk jama'a sun sani. Abin da ka yi wa gidana ne ba kowa ya san asalinsa ba.

Maigidana, wanda kowa ke kira Tela, ciwon suga ya tafi da ganinsa. Ya lulluɓe keken ɗinkinsa da zane, ya shige ɗaki, ya daina karɓar baƙi. Mutumin da a da ba ya fashin wasa, ko rediyo aka kunna sai ya ce a kashe. Na yi lallashi, na yi addu'a, na yi kuka a ɓoye. Sai ga ka wata Asabar da hantsi, ko zama ba ka yi ba.

Ka ce, "Tela, tashi, yau muna da wasa a gida."

Ya ce, "Yaya, in je in ga me?"

Ka ce, "Da kana da idon me ka gani? Shekara nawa ka yi kana zagin alƙalin wasa a kan abin da bai faru ba?"

Ranar na ji dariyarsa a karon farko tun da duhun ya same shi.

Daga baya masu shara suka ba ni labarin yadda ka zaɓi wurin da ka zaunar da shi a filin. Sun ce sun gan ka ranar atisaye ka ɗaure idonka da hankici, kana lalube daga rumfa zuwa rumfa, har suka fara raɗa ko zafin aiki ya taɓa Manaja. Bayan raga ka ce rabin wasa kawai ake ji. Can sama ka ce iska na kwashe sauti. Sai da ka zo daidai layin tsakiya, ƙasa, ƙarƙashin bakin kwanon rumfa, inda ihun hagu da na dama ke iso wa mutum daidai, inda ake jin takalmi ya daki ƙwallo da numfashin ɗan wasan gefe. Nan ka kafa benci na katako da hannunka.

Kai ne kake zama a tsakiyar bencin kana faɗa wa Tela abin da ke gudana, kuma ka san lokacin da za ka yi shiru ka bar rumfa ta ƙarasa maganar. Labari ya bazu cikin makafin gari. Tsohon direban nan da ake kira Birki ya zo da sandarsa, Ticha mai ritaya ya zo, wasu ma suka biyo, har sai da ka ƙara wa bencin tsawo.

Ba zan manta tafiyarmu sabon filin nan na babban birni ba, da ƙungiyarmu ta je wasan kofi. Ni na riƙe hannun Tela. Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin gini irinsa ba. Kowa da kujerarsa mai lamba, banɗaki sai ƙyalli, ruwa na zuwa a kowane famfo, ga shaguna reras, ga ƙaton allo mai maimaita duk abin da ya wuce. Manajansu ya karrama ka, ya sa aka hau da mu lif zuwa ɗakin gilashi na manyan baƙi, mai sanyi da kujerun laushi. Daga nan ina ganin kowace kusurwa ta filin.

Aka jima, sai Birki ya karkato kai ya ce, "Manaja, an fara wasan ne, ko layin ganin likita muke?"

A lokacin har an zura mana ƙwallo ɗaya. Dubban mutane sun miƙe suna tsalle a gabanmu, amma abin da ya ratso gilashin bai fi gurnanin firij ba. Na dubi Tela, ya sunkuyar da kai irin yadda yake yi a ɗaki kafin ka fito da shi. Kai ma ka gani. Da aka tafi hutun rabin lokaci ka yi wa mai masaukinmu godiya mai kyau, ka roƙi a sauko da mu cikin jama'a.

A mota, da samari suka fara kushe filin don haushin an cinye mu, kai ka hana su. Ka ce abin da ake samu a can a wasa ɗaya, mu sai mu buga rabin kaka ba mu gan shi ba, kuma kuɗin ne ya sa musu ruwa a famfo. Ka ce ka sha zuwa filayen da ihu kamar zai tsaga ƙasa amma babu inda mace za ta kama ruwa, kuma ba ka ganin wannan abin alfahari ne. Ka dawo da kishin banɗakinsu a ranka. Ka sa haya a shagunan ƙarƙashin rumfa, ka nemo masu talla suka rataya allunansu, da abin da ya shigo ka gyara namu. Amma ka ce akwai abu ɗaya da muka fi su: a filinmu makaho yana sanin an ci kafin a gaya masa. Da wannan kake tinƙaho ko a gaban wa, ni ma yau da shi nake yi.

Da ciwo ya hana ka fita, ka aika a kira ni.

Ka ce, "Ƙanwata, ke za ki zauna a tsakiyar bencin."

Na ce, "Yaya, ni da ko satar gida ban gane ba?"

Ka ce, "Kin iya faɗin abin da kika gani ba ƙari ba ragi. Sauran su za su koya miki, ko ba ki tambaya ba."

Haka kuwa aka yi. Ranar farko muryata ko Tela da ke kusa da ni ba ya ji sosai. Da ɗan wasanmu ya faɗi kusa da raga suka yo kaina da tambaya, na ce, "Da alama an taɗe shi, amma Allah ne masani."

Ticha ya ce, "Hajiya, mun yarda Allah ya sani. Mu ma so muke mu sani."

Birki ya ce, "Ku bar ta. Ita ce mutum ta farko a filin nan da ke tsoron ɗaukar alhakin alƙali."

Can aka buga wata ƙwallo mai ƙarfi, kafin in haɗa kalma Tela ya ce, "Turke ta daka." Turken kuwa ta daka.

Duk ranar wasa daga fili wurinka nake wucewa. Ba ka fara tambayata ci nawa aka tashi. Sai ka ce, "Sun yi gardama?" In na ce har Birki ya yi fushi ya ce ba zai sake zuwa ba, sai ka lumshe ido ka ce, "Alhamdu lillahi. Zai zo."

Yanzu, ranka ya daɗe shugaba, gare ka na juyo. Ranar da kuka zo mana gaisuwa ka sanar cewa za a gina ɗakunan gilashi a tsakiyar rumfa, za a cire bencin a farkon mako mai zuwa, kuma don girmama Yaya za a ba makafin ɗaki guda kyauta har abada, da sunansa a ƙofar. Mutane suka yi ta sa albarka. Ni ma na ce Allah ya saka, kuma har zuciyata na faɗa, domin na san alheri ka nufa. Kunya ce ta hana ni ƙara komai a gaban jama'a.  Washegari sai Tela ya ce in ajiye masa rigar ƙungiya a ƙasan akwati.

Ba na jayayya da ginin. Yaya da kansa ya so shi, ya sha cewa kwanon rumfa na yoyo kuma kuɗin tikiti kaɗai ba zai sauya shi ba. Roƙona shi ne ku sayar da wannan ɗakin ga masu ido, ku sa kuɗin a kwano, ku bar mana katakonmu a inda yake. Ban san aikin gini ba. In bango zai iya ja baya kaɗan, magina ne za su faɗa. In ba zai yiwu ba, ku zo mu ɗaure ido tare mu nemi wani wurin, yadda shi ya yi.

Yaya, Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Yadda ka fito da bawansa daga ɗaki mai duhu, Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, wadda ta yi jinyarka ba ta taɓa ɗaure fuska ba, da 'ya'yanka, da ma'aikatan fili tun daga masu yankan ciyawa har masu tsaron ƙofa, da mutanen benci waɗanda suka rasa idonsu karo na biyu. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Ranka ya daɗe, ranar Asabar muna da wasa a gida. Na ciro rigar Tela daga akwati na goge ta, amma ban gaya masa ba tukuna, don ba na so in yi masa alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Don Allah a ba ni amsa kafin ranar.