Makokin Ɗan Gwanki a Suwaidi

A saman benen gidan da muke haya a unguwar Suwaidi ta birnin Riyad kakarmu take hura wutarta. Mai gidan ya sha hana ta, wai hayaƙi zai ɓata masa fenti, ita kuwa ba ta jin Larabcinsa, ko kuma dai ta ga damar ƙin ji ne. Da sanyin Riyad ya shigo, irin wanda ke ratsa ƙashi, sai ta zuba gawayi a wani kaskon ƙarfe da Kawu Idi, ƙanen Ummanmu, ya ƙera mata a wurin waldarsu na unguwar Sulai, ta zauna tana fifita shi da murfin kwali. Mu kuma da an idar da sallar isha mu taru, ni da ƙannena Nuhu da Maryama, kowa da bargonsa.

A nan aka haife mu, don haka Larabci ya fi zama a bakinmu. Mukan ce mata Jadda, wato kaka da Larabci, ta harare mu. "Jadda? Wannan ai gari ne a bakin teku. Ni Kaka ce." Duk wanda ya yi Larabci a bakin wutarta ba shi da rabon gyaɗa. Idan za ta fara takan ce, "Ga wata nan ta taso daga nesa," mu amsa mata da, "Ta ƙaraso, akwai wuri." Yawancin Hausar da nake rubutu da ita yau a bakin kaskon nan na tsince ta.

Cikin dukan maraicen nan akwai ɗaya da ya ƙi barina. Ranar da labarin rasuwar Ɗan Gwanki ya iso.

Ɗan Gwanki ɗan kokawa ne daga ƙauyen su Kaka, can ƙasar Maraɗi. Ni ban taɓa ganinsa ba sai a kaset ɗin bidiyo da alhazai ke kawowa, wanda aka kalla har hoton ya fara rawa. Gajere ne, ba shi da wani jikin a zo a gani, amma yakan shiga ƙarƙashin ƙato ya ɗauke shi kamar buhun ƙaiƙayi. In ya kayar, sai ya ɗaga abokin karawar ya kakkaɓe masa ƙasar baya. In shi aka kayar, ya tashi yana dariya, ya je ya yi rawa a gaban makaɗa. Ciwon gwiwa ne ya raba shi da fili tun kafin a haife ni, ya koma kiwon raguna. Duk da haka a falon babanmu kullum kamar jiya ya yi wasa.

Bayan la'asar wani ya bugo waya. Kafin magariba falon ya cika: direbobi, masu wankin mota, masu ɗaukar kaya a rumbunan Sulai, har da wani ɗalibin jami'a mai suna Malam Bashir da nake zaton ba ruwansa da kokawa. Ba wanda ya iya zama wuri ɗaya. Wannan ya miƙe, wancan ya fita bakin ƙofa ya dawo. Aka saka kaset, aka cire, aka sake sakawa. Na kai shayi na ga babanmu, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa a gaban baƙi ba, ya rufe fuska da hirami kafaɗunsa na girgiza. Shayin ya huce ba wanda ya taɓa.

Kawu Idi ne ya fi kowa. Da yana saurayi ya bi Ɗan Gwanki gari gari, a ƙafa da bayan motar kaya, don kawai ya gan shi a fili. Ya shigo da kayan aikinsa a jiki yana cewa shi gida za shi. Fasfonsa na hannun kafilinsa, ubangidan da yake aiki a ƙarƙashin sunansa, kafilin kuma ya yi tafiya. "To in miƙa kaina a yi mini tarhil," in ji shi. Ko ni da nake yarinya na san ma'anar wannan: a tsare mutum, a mayar da shi ƙasarsu, ya daɗe bai sake tako nan ba, in ma ya sake. Ga mata da yara a Maraɗi da hannunsa suke kallo. Babanmu ya ba shi haƙuri, Malam Bashir ya ce ai an riga an binne shi, addu'a kuma ba ta neman biza. Kawu ya ce shi dai ya ga kabarin, ya zauna da mutanen da suka san wanda aka rasa.

Umma ta kora mu sama. Kaka ta riga ta hura wuta, amma ba ta soya gyaɗa ba. Muna zama sai ga Kawu ya hawo, yana kai da kawowa tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya, ko kallonmu bai yi ba. Kaka ta fara kamar ba ta gan shi ba.

Ta ce a wani gari an yi wani ɗan kokawa da mutane ke so, har in yana wasa mata ba sa ɗora tukunya. Ya rasu a daidai faɗuwar ruwan shuka. Mutanen gari suka kai shi, suka kasa dawowa. Suka zauna a bakin kabari suna ba da labarin kayen da ya yi wa wane da wane. Ruwa ya sake sauka, ƙauyukan kewaye suka yi shuka, su suna nan zaune. Sai uwar mamacin, tsohuwa tukuf, ta ɗauki ƙwaryar iri ta wuce ta gabansu ta nufi gona. Suka bi ta da kallo. Wasu suka ce ta zautu, wasu suka ce dama ba ta da zuciya. Ita kuwa ta shuka gonarta, ta shuka ta ɗanta, ta ƙetara ta shuka ta maƙwabta, har ƙafafunta suka tsattsage. Da lokacin girbi ya yi, abin da ta shuka ne garin ya ci.

"Inna, da ni kike," in ji Kawu. Ya tsaya cak a kanmu.

"Da jikokina nake. Kai wa ya kira ka?"

"Tsohuwar taki ai tana garin. Ta ga an yi masa wanka, ta ga an ɗauke shi. Ni me na gani? Gobe in koma in riƙe ƙarfe kamar ba a yi komai ba? Wanda nake aiki da shi ko sunansa bai taɓa ji ba."

Kaka ta daɗe tana juya garwashi. Ba ta rufe tatsuniyar yadda ta saba ba. Can ta ce, "Ni na goya Ɗan Gwanki, Idi. Uwarsa ƙawata ce. Yaron da bunsuruna ke kora yana ihu har ya faɗa cikin kwandon barkono." Ta yi wata 'yar dariya, dariyar ta karye a hanya. "Kai kana da ƙafar zirga-zirga. Ni ko matakalan nan sai an riƙe ni. Kana ganin ni ba na son zuwa?"

Kawu ya durƙusa a gabanta. Ba mu taɓa ganin Kaka na kuka ba, sai Maryama ta fashe ita ma, ba tare da ta san dalili ba. Kaka ta share fuska da bakin mayafi ta ce, "In jikinka ya ƙi zama, ka ba shi abin yi. Ƙasa ta ƙare ne a garin nan? Duk inda ka duba yashi ne."

Ranar Juma'a bayan sallah aka cika motoci aka fita bayan unguwar Shifa, inda gidaje suka ƙare. Mata muka shimfiɗa tabarmi daga gefe, Kaka a tsakiya a kan kujerar roba. Malam Bashir ya ja addu'a mai tsawo, aka shafa, aka raba dabino da shinkafa sadaka. Sai wani direba ya ja da'ira a yashi da ƙafarsa. Ba ganga, aka kife jarkar ruwa ana bugawa. Magidanta masu tumbi da furfura suka naɗe wanduna suka shiga. Abin dariya ne, abin tausayi ne. Kowa na ƙoƙarin yin irin shigar Ɗan Gwanki, kowa na haki kafin a je ko'ina. Wasu Larabawa da suka fito shan iska suka tsaya daga nesa suna kallo.

Kawu ya kara da wani ƙato mai ɗaukar kaya, mutumin Damagaram. Suka daɗe riƙe da juna, ƙafafunsu na nutsewa. Kawu ya duƙa zai shiga ƙarƙashinsa, mutumin ya danne shi, sai ga Kawu a ƙasa warwas. Ya kwanta yana kallon sama, ƙirjinsa na hawa da sauka. Sai ya tashi, yashi har cikin gemunsa, ya taka zuwa gaban mai jarka ya fara rawa, hawaye na bin fuskarsa. Fili ya ɗauki ihu. Kaka ta rangaɗa guɗar da ban san tana da sauran ƙarfin yi ba.

Washegari ya koma wurin walda. Bai sake maganar tarhil ba, ko da yake ban ce ya samu natsuwa ba. Sai da kafilinsa ya ba shi hutu bayan shekara da wani abu ya je ya ga kabarin. Ya dawo ya ce wa Kaka ciyawa ta rufe shi, da ƙyar aka nuna masa wurin.

Na girma ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin wa'azi: kada baƙin ciki ya hana ka neman abinci, mai hankali shi ne wanda ya share hawaye ya koma aiki. Haka na riƙa faɗa wa mutane, har da ɗan alfahari da hikimar kakata.

Da Kaka ta rasu ina Maraɗi. Aure ya kai ni, kuma ƙasar da aka haife ni ta zama wadda sai an ba ni izini nake shiga. Izinin bai zo ba. Aka binne ta a Riyad, ni ina tsakar gidan surukaina ana ta yi mini gaisuwa, mutanen kirki, amma rabinsu ba su taɓa ganinta ba. Aka shimfiɗa mini tabarma na kasa zama. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Na wanke tukwanen da aka riga aka wanke. Na ɗauki taɓarya na daka geron da ba wanda ya ce a daka, har tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Ina jin wata tana raɗa wa 'yar'uwarta, "Wannan ko kuka ba ta yi."

A nan na tuna tsohuwa mai ƙwaryar iri, na kuma gane ban taɓa fahimtarta ba. Ba lissafin girbi take yi ba da ta wuce su. Ba ta fi masu zaman kabari hankali ba. Ɗanta ne a cikin ramin, zaman ne ya gagare ta, ta yi ta tafiya tana zuba iri don in ta tsaya za ta faɗi. Garin ya ci abincin, ya yabe ta, ba wanda ya tambaye ta yadda ta kwana.

Yanzu na dawo Riyad da mijina, muna Shifa. Na je maƙabartar, kaburburan duk iri ɗaya, ba suna ba alama. Nuhu ya ce yana jin kabarin Kaka daga wancan ɓangaren yake. Na tsaya daga bakin katanga na yi mata addu'a da Hausa, na juyo da sauri, don har yau in na tuna ta ƙafafuna ba sa yarda in daɗe a wuri ɗaya.