Uwar Mafitsara Ta Ajiye Almakashi

Kafin rana ta leƙo ta bayan gonakin shinkafa, Bu Wartinah, wato Iya Wartinah a harshen nan, ta idar da sallar asuba, ta ɗaure akwatin ƙanƙara a bayan babur ɗinta, ta nufi mayankar awaki ta bakin kasuwa. Mahauta sun san kukan babur ɗin. Tun daga nesa Pak Jumadi, wato Baba Jumadi, babbansu, zai fara tsokana:

"Ga Uwar Mafitsara nan! Mutane na rububin cinya da hanta, ke kullum sai abin da kare ma ke shinshinawa ya wuce."

"Kai dai yanka a hankali, Pak," in ji ta. "Jiya ka huda mini mafitsara biyu. In idon ne ya fara tafiya, faɗa mini in raka ka asibiti."

Daga nan sai ɗakin bincikenmu a jami'a, nan birnin Yogyakarta na ƙasar Indonesiya. Za ta fere tsokar mafitsarar siri-siri kamar tsinken ashana, ta ɗaure da zare, ta rataya a cikin 'yan kofunan gilashi masu ruwan gishiri mai ɗumi. Zaren yana haɗe da na'urar da ke zana duk motsin da tsokar ta yi. Sai ɗalibai su ɗiga ruwan ganye ko na saiwa, a zuba ido a ga ko za ta ɗaure ko za ta saki. In tsokar ta mutu kafin a fara, aikin yini ya tafi. A hannunta da wuya ta mutu. Haka ta yi shekara talatin da ɗoriya, kuma in ka duba takardun da suka fita daga ɗakin nan, sai can ƙasa, wajen godiya, za ka tsinci sunanta.

Akwai wata mai maganin gargajiya, Mbok Sarinem, wato Inna Sarinem, da ke goya kwandon kwalabe tana zaga unguwanni. Tsofaffin mata masu fama da matsuwar fitsari sun dogara da wani jiƙonta. Da alfahari ta kawo shi a gwada. Aka gwada, aka sake gwadawa, sai ga shi wani sassaƙe da ke cikin haɗin yana ƙara ɗaure tsokar maimakon ya kwantar da ita. Mu malamai muka yi ta murna mun samu abin rubutawa. Bu Wartinah ta tsaya tana goge almakashi, ta ce, "To, wa zai je ya faɗa mata?" Babu wanda ya tashi a cikinmu. Ita ta je.

Mbok Sarinem ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta dire kwalba da ƙarfi. "Kakata ta sha, uwata ta sha. Yau akuya ce za ta koya mini sana'ata? Akuyar ma matacciya?"

"Akuya ba mutum ba ce, Mbok, na yarda. Amma ba ta san ki ba, balle ta yi miki sharri. Ki tambayi masu sha, ɗaya bayan ɗaya, inda babu mai ji."

Watanni Mbok Sarinem ba ta amsa gaisuwarta. Ita kuwa ba ta fasa tare ta a hanya tana sayen ruwan kurkum da tsamiya ba, ta shanye a tsaye, ta yi godiya, ta wuce. Ran nan muna cikin aiki sai ga tsohuwar a bakin ƙofa da goyon kwandonta. Ta tambayi masu shan, ta cire sassaƙen. Ta miƙo wani ƙunshin ganye ba tare da ta dubi kowa ba, ta ce, "Ungo. Tambayar mini akuyarki wannan."

Bu Wartinah, ke ce kika koya mana cewa a ƙarshen zaren nan akwai mutum. Ke ce kika lura Mbah Ponirah, wato Kaka Ponirah, maƙwabciyarki, ta daina zuwa karatun mata a masallaci, alhali ita ke fara isa. 'Ya'yanta sun ce tsufa ne. Kika soya ayaba kika kai mata, kika zauna har ta buɗe baki da kanta: fitsari ke kufce mata, alwala ba ta tsayawa, tana tsoron ta ɓata tabarmar masallaci a gane ita ce. Ba ki ba ta magani ba, don kin san iyakarki. Cewa kika yi, "Mbah, ni da na wayi gari kullum da mafitsara a hannu, ni za ki ji wa kunya? Tsoka ce kamar ta ƙafa, ana duba ta." Washegari kika goya ta a babur zuwa wurin likita, tana riƙe da ƙugunki tana salati a kowace kwana. Yau tana sahun gaba, kuma ta hannunta wasu tsofaffin suka bi sawu.

A makon jiya Bu Wartinah ta yi ritaya. Mun dafa shinkafa mai kurkum, aka tula ta kamar dutse, aka miƙa mata cokali ta yanke kan, kamar yadda ake karrama mutum a nan. Shugaban sashe ya ce ta yi jawabi. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce, "Ruwan gishirin da ke kofi na uku yana saurin hucewa, ku riƙa taɓawa." Ta zauna. Muka yi dariya, wasunmu na share ido.

Mun gode, Bu, mai hannun alheri. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa ki ci moriyar hutunki. Ku kuma masu karatu, ba sai kun iya riƙe almakashi za ku yi koyi da ita ba. In akwai tsohuwa a gidanku da ta daina fita, tana cewa ba komai, ku ja tabarma kusa da ita ku zauna, kada ku yi saurin tashi.