Ɗakin Maza Sai Namiji

A shekarun da nake sayar da abinci a Sabon Gari, tun wayar hannu ba ta zama ta kowa ba, akwai wani tsoho ɗan dako da ke kwana a barandar shagunan bayan rumfata. Baba muke ce masa. Ba ɗaki, ba dangi a Zariya, daga baro sai kwalin shimfiɗa. Wata rana ƙarfen baron ya yanke shi a ƙwauri, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Ciwo ya ƙi warkewa, ya zama gyambo, har ƙudaje kan riga shi zama a bencina.

Na sa shi gaba da mita sai da ya yarda, muka hau bas zuwa wani asibiti a Samaru. Likita ya kwance tsumman, ya ce in aka kwantar da shi yanzu, ƙafar za ta tsira. Gado ma akwai. Sai nas ta ce, "Ina mai jinya?"

A can ba a kwantar da mutum shi kaɗai. Dole a samu mai kwana a gefen gado, ya sayo magani, ya ɗebo ruwa, ya kai shi bayi. Na ce ga ni. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Mama, ɗakin maza ne. Sai namiji."

Na ce tsohon nan ai ya haife ni, me zan gani da ban taɓa gani ba? Ta ce doka ce, ba ita ta kafa ba. Na fara ɗaga murya, Baba ya ja bakin zanena. "'Yata, mu tafi, kar ki yi faɗa a kaina." Aka wanke ciwon, aka ba mu ƙwayoyi, muka dawo.

Na bi mazan layinmu shago-shago ina neman mai jinya, mutanen da ya tsufa yana tura musu kaya. Wannan ba mai jire masa shago, wancan matarsa ta haihu. A masallacin layi aka ce Allah ya ba shi lafiya. A cocinmu aka ce kwamiti zai zauna. Addu'a kam ya same ta buhu-buhu. Ni da wata mai ƙosai da wata Bayarabiya mai barkono muka riƙa wanke ƙafar da ruwan gishiri kowace safiya, muna kallo baƙi yana hawa sama. Wallahi ban taɓa jin haushin zamana mace ba sai a lokacin.

Da wari ya fara korar masu ciniki, sai ga wani mai gyaran takalmi ya ce zai kwana da Baba a asibiti. Muka koma. Likita ya duba, ya girgiza kai, ya ce an makara, sai a yanke daga gwiwa.

Washegarin aikin na dafa tuwo na kai masa. Na tarar mazan layinmu sun rufe shaguna sun cika ɗakin maƙil, kowa da ledar lemo, ana ta sannu Baba, sannu Baba. Na tsaya a bakin ƙofa da kula a hannu, na rasa ta inda zan bi in miƙa masa.