Karen da Na Koya wa Tsayawa Nesa

Akwai wata safiya a bakin wani tafki a gabashin Greensboro wadda ko tsufa ya kwashe mini komai, ita kam tana nan daram. Kuma wai duk a kan kare, ni da na taso a gidan da kare bai isa ya leƙo zaure ba.

Farkon zuwana Amurka ina haya a wani ɗan ɗaki bayan gidan wani tsohon Bature a McLeansville, ina aiki a wani sito a Wendover. Tsohon nan maharbin agwagin ruwa ne tun yana saurayi, amma ciwon baya ya kai shi ga ko takalminsa ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure. Yana da wani baƙin kare ɗan matashi, irin waɗanda ake koya wa faɗawa ruwa su ɗauko abin da aka harbo. 'Yarsa ta gindaya masa sharaɗi: in lokacin farauta ya yi karen bai iya miƙa abu a hannu ba, za ta bayar da shi, bindiga kuma a rataye ta. Ba mugunta ba ce, tsoro take kada ya sunkuya a bakin ruwa ya faɗa. Shi kuwa tun rasuwar matarsa ba shi da abokin hira sai karen.

Da ya roƙe ni in taya shi horon, kunya ta hana ni ƙi, don shi ya koya mini tuƙi. Kullum da yamma sai in zaunar da karen, in wulla wani dunƙulen tsumma cikin fili, ba zai motsa ba sai na ce ya tafi. Nan da nan ya gane. Matsala ɗaya ce: in ya ɗauko, sai ya tsaya can nesa da ni ya yar a ƙasa yana kaɗa wutsiya. Na yi faɗa, na yi tsawa, na zage shi da Hausa tsantsa. Ko a jikinsa.

Ran nan tsohon, da ke kallonmu daga baranda, ya kira ni. “Kai ka koya masa haka,” ya ce. “Duk sanda ya doso ka, sai ka ja da baya ka tattare rigarka. Bakinka na cewa zo, jikinka na cewa tsaya. Shi kuma jikin yake ji.”

Gaskiya ya faɗa. Gudun yawun karen nake kada ya taɓa mini tufafin salla, ban ma san ina yi ba.

Bayan sallar Juma'a na tare wani dattijon malami ɗan Nijar na kai masa kukana. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya soma da ɗan Faransancinsu. “Bon, ɗana, a wurin malamanmu na Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, balle na farauta. In zuciyarka ba ta natsu ba, ware kayan aikin daban, ka wanke hannu. Ko ruwa ya ƙare a Amurka ne?”

“Bai ƙare ba, Malam.”

“To je ka gyara ɓarnarka.”

Gyaran ya fi koyarwar wuya nesa ba kusa ba. Sai in durƙusa, in buɗe tafin hannu, in dake. Karen ya tsaya a tazararsa yana dubana kamar mai tambayar ko lafiya nake. Ranar da jiƙaƙƙen bakinsa ya fara taɓa hannuna, na daure ban janye ba. Wata rana ya miƙo, wata rana ya yar. A haka lokacin farauta ya cim mana.

Muka je tafkin da sassafe, sanyi har cikin ƙashi. Tsohon na kan kujera, 'yarsa na tsaye ta harɗe hannuwa. Ya harba, agwagwa ta faɗo, ya ba karen umarni. Ya tsunduma, ya ɗauko, ya fito ruwa na zuba daga jikinsa. Sai ya ja ya tsaya, daidai tazarar nan da na koya masa.

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannunsa, ya karkato gaba iya yadda bayansa ya bari. Karen ya dube shi, ya tako a hankali, ya ɗora masa agwagwar a tafin hannu. 'Yar ta juya mana baya tana goge ido. Ni ma sai na tsinci kaina ina ta hamdala.

Wannan ce farautarsa ta ƙarshe, amma har ya bar duniya karen na kwance gefen gadonsa.

Yanzu ina da 'ya'ya, ina yi musu Hausa suna mayar mini da Turanci. In na kira ɗaya ya tsaya daga bakin ƙofa, ba na saurin cewa taurin kai ne. Abin da na koya ke nan: kafin ka zargi wanda ya ƙi matsowa kusa da kai, fara duba ko kai ne kake ja da baya.