Sammani ya bi musu har gida

A ƙauyenmu, gabas da Minjibir, kowa ya san ba a kayar da Sammani a musu, sai dai ka gaji ka kama gabanka. Manomin gyaɗa ne, kuma tun yana saurayi yake kwance rediyon mutane yana mayarwa. Da zamani ya juya sai ya koma tsintar tsofaffin kwamfutocin da ofisoshin birni suka yar, yana sa musu Linux, manhajar nan ta kyauta da kowa ke da ikon buɗe cikinta ya gyara. Ya jera su a zaurensa ya haɗa da sola. A nan yaran garinmu suke koyon danne-danne kafin jarrabawar shiga jami'a, wadda yanzu a kwamfuta ake yin ta. 'Yata Khaulat a nan ta daina tsoron abin, shi ya sa ba na ƙaunar a taɓa zauren nan.

Irin manhajar da yake sakawa wasu samari ne suke haɗa ta. Suna da guruf a waya, shugabansu wani Abdulkabir ɗan Ungogo. Bara bayan girbi suka sanar cewa sabuwar da za su fitar za ta zo da ƙirƙirarriyar basira a jikinta, ka yi tambaya ta amsa, kuma za su daina kula da tsohuwar. Kwamfutocin Sammani kuwa da ƙyar suke numfashi. Aka ɗora musu wannan kaya sun mutu ke nan, aji ya watse.

Ya ce musu bai yarda ba. Suka ce baƙauye ne mai jan mutane baya. Ya ce ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Gaskiya shi ma bakinsa ba linzami, ya yaɓa musu maganganun da ba zan maimaita ba. Abdulkabir ya cire shi daga guruf, ya kuma yi masa bulokin, ko saƙo ba ya iya tura masa.

Na ce masa, "Rabu da su, buɗe naka guruf ɗin."

"Ni da wa? Ni da awakina? Wai mutum ya toshe kunne ya ce ya ci musu! A garin nan ko da safe muka yi cacar baki, da azahar sahu ɗaya za mu tsaya."

Ranar Asabar ya zura kwamfuta ɗaya a buhun taki, ya ja ni rakiya. Muka yi ta tambaya a Ungogo har ƙofar gidan su Abdulkabir. Sammani ya yi sallama. Mahaifin yaron, Alhaji Yahya, shi ne a zaure. Ya amsa, ya sa aka kawo mana ruwa, da ya ji abin da ke tafe da mu ya ƙwala wa ɗansa kira.

"Gaba kake yi da ɗan'uwanka musulmi?"

"Baba, ba gaba ba ce, bulokin ne kawai."

"In ya yi maka sallama a wayar kana amsawa?"

"A'a."

"To sunanta gaba. Zauna."

Abdulkabir ya zauna fuska a murtuke. Ba mugun yaro ba ne, wannan na shaide shi. Ya dubi buhun ya ce, "Malam Sammani, mu kaɗan ne, kuma sa kai muke yi. Ba za mu iya riƙon biyu ba. Tsohuwar ba ta da mai kula da ita."

"Ga ni."

"Ba ka iya ba."

"Ba ku kuka ce ta kowa ce ba? Ni manomi ne, ba na cinye irina don wani ya ce ya tsufa. Koya mini."

Tun daga ranar duk Asabar yana zauren nan na Ungogo, da furfurarsa, yana koyo yana gardama. Kansa na ɗauka a hankali, malamin nasa kuma ba haƙuri. Samarin sun fitar da sabuwarsu, Allah ya ba su sa'a. Amma kwamfutocin zaurenmu suna nan suna gurnani, kuma yaran bana sun shiga ɗakin jarrabawa sun danna abinsu ba tsoro.

Kwanan baya ina wurin, sai Abdulkabir ya ɗauko waya a kunyace, wai zai cire bulokin ɗin. Sammani ko ɗago kai bai yi ba.

"Bar shi haka," in ji shi. "Ai na san gidanku."