Ƙarfen da aka soka wa lemon mahaifina

Shekarun baya can, zamanin da kuɗin man fetur suka fara juya kan mutanen ƙasar nan, mahaifina yana da lambun lemo a wata fadama ta wajen Riko. Itatuwan ba su kai arba'in ba, amma ya san halin kowace kamar 'ya'yan cikinsa. Da aka yi shekarun fari, na maƙwabta suka bushe, shi kuwa ya kafe a kan jigo tun daga asuba, yana jan ruwa daga wata tsohuwar rijiya da bakinta ke zubewa kullum. Da ƙyar ya cece su. Sai dai rijiyar ta gaji, kuma duk gidanmu an san in ba a haƙa sabuwa an ɗaure ta da siminti ba, rani ɗaya zai gama da lambun.

Sai Allah ya kawo shekarar da itatuwan suka yi 'ya'ya har rassa na jan ƙasa. Mahaifina ya tsaya yana kallonsu ya ce, "Wanga lemo shi ne rijiya."

Masu taya mu aiki kuwa duk sun watse. Kowane saurayi ya tafi Kano ko Kaduna leburancin gini, inda ake biya kamar ba a san zafin kuɗi ba. Daga ni sai shi muka yi tsinkar, kwana huɗu. Kuma mahaifina ba ya kakkaɓe lemo. Da 'yar wuƙa yake yanke kowane, ya bar masa guntun kara, ya jera a kwandon da aka shimfiɗa wa ciyawa. In ɗaya ya suɓuce ya faɗi ƙasa, gefe yake ajiye shi, wai mai rauni ɗaya shi ke ruɓar da 'yan'uwansa.

A da, a kan jakuna yake kai lemonsa Maraɗi ta hanyar daji, kaɗan-kaɗan, wurin wani amininsa dillali. Ni kuwa a lokacin na gama sakandare, ga biro biyu a aljihun gaba, ina jin babu wanda ya kai ni wayewa daga Jibiya har Bugaje. Na ce masa zamani ya wuce jaki, gwamnati tana ba manoma takardar fita da kaya, mu ɗauki mota mu bi titi kamar mutane. Sau uku na je Katsina kafin na samo takardar, da hatiminta shuɗi.

Ya juya ta a hannunsa ya ce, "Ni dai jaki bai taɓa tambayata takarda ba. Amma to, ɗan boko, mu tahi mu gani."

Muka isa shingen bakin iyaka da hantsi. Ashe an aiko sabuwar oda daga sama: kada hatsi ya fita, kuma kowane kaya sai an soka masa dogon ƙarfen nan mai tsini da ake caka wa buhun gero. Shugaban masu kakin ya karanta takardata, ya ce ba ta da laifi. Sannan ya ce a kawo ƙarfe.

Mahaifina ya cire takalmi ya rusuna. "Ranka shi daɗe, wanga ba hatsi ba ne. Kwando ne, buɗe ka gani da idonka. In kana so mu juye maka su ɗaya-ɗaya, ka ga gindin kowane."

"Ni zan tsaya kana juye mini kwanduna, ga motoci a layi? Oda ta ce kowane kaya. Ba ta ce ban da lemo ba."

Akwai wani ma'aikaci a cikinsu, Kirista ne daga wajen Binuwai, mutum mai furfura a gemu. Ya matso ya ce, "Oga, a garinmu shi muke nomawa. In ka huda ɗaya, duk kwando ya mutu." Shugaban ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Kai aka aiko wa odar ko ni?" Sai ya ɗauki ƙarfen ya danƙa masa, ya ce tunda ya fi kowa sanin lemo, shi zai yi.

Nan na buɗe baki na fara zuba Turanci, ina ɗaga takarda sama kamar laya. Aka ce in na ƙara kalma ɗaya a kulle zan kwana. Mahaifina ya kama wuyan hannuna ya matse, har yau ina iya tuna zafin yatsunsa.

Bawan Allahn nan ya hau mota. Yana soka ƙarfen yana kau da kai, na ji shi yana cewa, "Baba, yi haƙuri." Ya so ya riƙa bi ta gefe, shugaban ya daka masa tsawa ya ce ta tsakiya, sau uku kowane kwando. Ruwan lemo ya riƙa bin katakon motar yana ɗiga a ƙasa. Wurin ya gume da ƙamshi, wallahi ban taɓa jin ƙamshin da ya ba ni haushi irinsa ba. Ko ƙwayar gero ba su samu ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Da aka gama, shugaban ya miƙa hannu ya zaro wani hudajjen lemo, ya tsotse shi a gabanmu, ya ce, "Kai, tsoho, lemon nan naka da zaƙi!" Ga gwangwanayen lemon ƙasar waje jere a kan teburinsa, irin da jiragen ruwa ke ta kwasowa a lokacin. Sannan suka bar mu cikin rana har la'asar, wai mai sa hannu ya fita.

Ba mu riski kasuwa ba. Washegari da aminin mahaifina ya buɗe kwandon farko, ƙudaje ne suka fara gaishe shi. Ruwan hudaddun ya jiƙe lafiyayyun, zafi ya ƙarasa sauran. Ya dubi mahaifina ya ce, "Mi ya kai ka titi, bayan ka san hanya?" Mahaifina bai nuna ni ba. Cewa ya yi, "Haka Allah ya so." Abin da muka tsira da shi bai kai a kira mai haƙar rijiya ba.

Da rani rijiyar ta rufta. Itatuwan suka yi ta bushewa ɗaya bayan ɗaya, yana ɗauko musu ruwa a tulu daga nesa har ƙafafunsa suka kumbura. Daga baya gero ya shuka a wurin.

Na daɗe da yafe wa mai furfurar nan, shi ma cin abinci ne ya ɗaure shi. Kaina ma na yafe wa, da ƙyar. Wanda na kasa yafe wa shi ne mutumin da ban taɓa gani ba, wanda ya zauna ƙarƙashin fanka ya rubuta "kowane kaya", bai san bambancin buhu da kwando ba, bai kuma taɓa jan guga ba. Ya sa hannu ya tafi cin abincin rana, mu ya kashe mana lambun da fari ma ya kasa kashewa.

Mahaifina bai taɓa yi mini gori ba har ya rasu. Na so ya yi, da na fi samun sauƙi. Da muke kwashe kayansa, a ƙasan akwatinsa na ga takardar nan mai shuɗin hatimi. Ya naɗe 'yar wuƙarsa ta yankan lemo a cikinta.