Shaidar Uwar Ɗan Fari

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu da ke wani ƙauye gefen Roni wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Inna jinin Fulani ce, alkunyarta ta fi ta sauran matan gari. Tun da na buɗi ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" nake. In ta dafa abin da ta san ina so, sai ta miƙa wa ƙanwata ta ce a kai wa wancan, ko da kuwa ina zaune a gabanta. In na yi faɗa da ɗan maƙwabta, ni za ta ba rashin gaskiya tun ba ta ji ba'asi ba. Haka na ga ana yi, amma ƙarya nake in na ce abin bai taɓa yi mini ciwo ba.

Na girma na kama acaɓa, ina jigila tsakanin Roni, Gwiwa da Kazaure. Wata ranar kasuwar Gwiwa rigima ta tashi tsakanin 'yan acaɓa da wani mai kayan koli a kan wurin ajiye babura. Aka rushe masa rumfa, aka fasa masa goshi. Da aka tambaye shi su wane ne, sai ya lissafo fuskokin da ya saba gani a wurin, har da tawa. Ni kuwa ranar ina kwance zazzaɓi na kaɗa ni. Baba ya tafi ta'aziyya Babura, yara suna gona, daga ni sai Inna a gidan.

Aka kama ni. Kawu, ƙanen Inna, ya yi belina, aka sa mana ranar kotu a Kazaure.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin magana. Da aka karanta tuhumar, sai na yi abin da aka koya mini in yi a gaban manya. Na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri."

Mai gabatar da ƙara har ya fara gyara tsayuwa, a zatonsa kasuwa ta tashi. Alƙali ya cire tabarau ya dube ni.

"Samari, amsa laifi ka yi ko ladabi ka yi? A nan ba ɗaya ba ne."

"Ladabi ne, ranka ya daɗe. Ni ko kasuwar ban je ba."

Sai ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce tsarin mulkin ƙasa ya ɗauke ni marar laifi har sai an tabbatar, kuma tabbatarwar aikin mai ƙara ne. Ina da ikon in yi wa wanda ya zarge ni tambayoyi, ina da ikon in kawo wanda zai shaide ni. Ya ce ba alfarma yake yi mini ba, haƙƙina ne, shi kansa bai isa ya hana ni ba. Da can na ɗauka tsarin mulki kayan 'yan siyasa ne da masu surutu a rediyo, ashe har ɗan acaɓa yana da rabo a ciki.

"To amma mai ƙara ya ce ya gan ka da idonsa," in ji alƙali. "Wa ya san inda kake ranar?"

Na ce ba kowa. A raina na gaya wa kaina wai ba zan sa Inna ta tsaya gaban maza tana kare ɗan fari ba, gara gidan yari. Amma gaskiyar magana tsoro nake ji, kada in roƙe ta ta ƙi.

Kawu ya watsa mini harara ya miƙe. "Ranka ya daɗe, akwai shaida." Aka ɗage zama.

A gida Inna ta ci gaba da harkokinta kamar ba abin da ya faru, ni ma ban tayar da zancen ba. Ranar komawa kotu sai ga ta ta sauko daga motar haya tare da Kawu, ta lulluɓe da mayafi har goshi. Da aka kira ta, ta tsaya tana kallon ƙasa.

"A ranar, wancan bai fita ba. Na dafa masa darbejiya, na dama masa kunu bai sha ba. Tun hantsi har la'asar ina leƙa shi ta asabari, ko juyi da ƙyar yake yi."

Ban san ta leƙa ni ba. Ni na zaci tana can tana sussukarta.

Alƙali ya ce, "Inna, na san al'ada, kuma ina girmama ta. Amma kotu ba ta san wancan ba. Da sunansa aka zarge shi, da sunansa za a wanke shi. Wa kike nufi?"

Har na fara addu'ar a ƙyale ta haka nan. Sai ta ɗago kai ta faɗi sunana, ta ƙara da cewa, "Ɗana ne." Na dafa katakon da ke gabana.

Da aka koma kan mai kayan koli da tambayoyi, ya yarda cewa jini ya rufe masa ido a lokacin, ba zai iya rantsuwa a kaina ba. Aka sallame ni.

A waje Inna ta wuce tasha ko waiwaye babu. Na riƙe Kawu na tambaye shi yadda ya yi ya shawo kanta, don na san an sha fama.

Ya ce, "Wane fama? Ko gama magana ban yi ba ta ɗauko mayafi. Cewa ta yi tun ranar da aka kama ka take jira a tambaye ta."